Neman shawara: yaya ake haɗa kurmin da sojojin teburin wasa za su iya shiga?

Mai neman shawara: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina haɗa filin wasan yaƙi na kan tebur don ƙananan sojoji masu tsayin milimita 28, kuma fagen da muka zaɓa ni da abokan wasana shi ne yaƙin Burma (Myanmar ta yau) na tsakanin 1942 da 1945, saboda haka kurmi ne zai mamaye yawancin teburin, mai tsawon ƙafa 6 da faɗin ƙafa 4. Na samo ganyayen roba irin waɗanda ake ƙawata akwatin gilashin kiwon kifi da su, na yayyanka, na manna a kan kwali mai kauri, sannan na shafa farin gam na barbaɗa yashi. Da gam ɗin ya bushe sai kwalin ya kantare, gefunansa suka ɗaga sama. Ganyen kuma yana ta sheƙi, fentin da na shafa masa yana ɓamɓarewa da zarar an taɓa. Abin da ya fi damuna shi ne babu inda soja zai tsaya a ciki: in ka tura ɗaya, sai ya kife ko ya maƙale. Ina roƙon waɗanda suka riga ni a wannan sana'a su ba ni shawara.

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, Malam. Kantarewar kwali ba abin mamaki ba ce, domin farin gam akwai ruwa da yawa a cikinsa, kuma yayin da yake bushewa yana tsukewa, sai ya ja fuskar da aka shafa masa, ɗaya fuskar kuwa tana nan yadda take. Ka koma kan katakon MDF, wato wanda ake yi da matsattsen garin itace, mai kaurin milimita 3, ka goge gefensa da sanfefa har ya kwanta ya haɗe da tebur, kuma ka shafa masa fenti gaba da baya kafin gam ya taɓa shi. Don ƙananan dunƙulen ciyayi kuwa, tsohon faifan CD ya wadatar: faɗinsa santimita 12 ne, ruwa kuma ba ya shigarsa.

Amsa ta biyu: Ɗan'uwa, ni matsalarka ta uku zan tsaya a kai, domin ita ce uwar sauran. Yawancinmu mun ɗauka cewa kurmi a cushe yake tun daga baki har tsakiya, alhali a tsohon kurmi rassan manyan bishiyoyi suna haɗewa a sama su tare rana, hasken da ke isa ƙasa bai wuce kashi 2 cikin ɗari ba, shi ya sa ƙarƙashinsu ruɓaɓɓen ganye da saiwoyi ne suka fi yawa. Sarƙaƙiyar da ba ta ratsuwa tana samuwa ne a inda rana ke sauka: bakin kogi, gefen hanya, wurin da bishiya ta faɗi, ko gonar da aka bari ta koma daji.

Wannan shi ne mafitarka. Ka cika gefen kowane katako da ganye mai duhu, tsakiyar kuma ka bar ta a buɗe, da bishiya biyu ko uku kawai. Wanda ke tsaye a bakin tebur zai ga daji ya haɗe, amma hannu zai shiga ta sama ba tare da ya karya komai ba. Kafin ka manna ko da tsiro ɗaya, ka jera rukunin sojojinka a kan katakon, ka zagaye gindinsu da fensir, abin da ya rage shi ne rabon ciyayi. Bishiyoyin tsakiya kada ka manne su. Ka ba kowace nata ɗan gindi mai nauyi, ko ka binne maganaɗisu a ƙasanta, yadda za a ɗage ta idan faɗa ya kai wurin. Akwai wata fa'ida kuma: a yawancin dokokin wasannin nan, gefen katakon ne ake ɗauka iyakar dajin, don haka in iyakar ta fito sarai, gardamar wane ne ya samu mafaka da wane ne ke fili ta ƙare tun ba a fara ba.

Amsa ta uku: Game da fenti, robar waɗannan ganyaye tana fitowa daga masana'anta da ɗan maiƙo a jikinta, kuma irinta mai lanƙwasuwa ce wadda ba ta son riƙe komai. A fara wanke ta da ruwan ɗumi da sabulu, a bar ta ta bushe sarai, sannan a fesa fentin share fage wanda aka yi don roba, siriri siriri, sau biyu. Bayan haka a bi da kore mai duhu, a ɗauki burushin da aka goge fentinsa har ya kusa bushewa a shafi bakin ganyen da kore mai haske. Wajen mannawa, gam mai zafi na bindiga ya fi, kuma a huda rami a cusa kara a ciki, domin gam mai saurin kamawa ba ya riƙe irin wannan roba.

Amsa ta huɗu: Da izinin Malamin da ya gabace ni, ban ga dalilin fente kowane ganye ba, musamman ga mai neman rufe tebur guda. Ni fenti mai ruwan ƙasa nake tsinkawa da ruwa sosai in yi wa ganyen wanka da shi, in ya bushe in fesa banish, wato ruwan kare fenti, marar sheƙi, shi ke nan. Launin da roba ta zo da shi ma yana da amfani, tunda ba kore ɗaya ne a daji ba. Abin da na fi ba muhimmanci shi ne girman ganye: soja mai milimita 28 yana wakiltar mutum ne da aka rage kusan sau 56, don haka ganye mai tsawon santimita 5 ya zama na kusan mita 3 ke nan. Kaɗan daga irinsu ba laifi, amma in suka yi yawa sai sojojin su koma kamar tururuwa.

Mai neman shawara: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura manyan bishiyoyi da tuddai, tunda Burma ƙasar tsaunuka ce.

Amsa ta biyar: Bishiya da waya ake fara ta: a murɗe sili da yawa wuri guda su zama kututture, a ware na sama su zama rassa, na ƙasa su zama saiwoyi, a naɗe da tef na takarda, a shafe da abin cike tsagar bango. Faffaɗan saiwoyin nan masu kama da katanga, da kwali siriri ake yanko su a manna a gindi. Zaren buhu da aka jiƙa da farin gam, aka rataya shi ya bushe a lanƙwashe, shi ne igiyoyin daji. Tsinken katako da aka ɗaure wa zare tazara tazara kuma ya zama gora, wadda Burma ke da ita da yawa. Ƙasan dajin a barbaɗa masa busasshen ganye da aka murje aka tankaɗe.

Tudu kuwa da soson rufin gini mai tauri ake sassaƙa shi, amma a yi shi hawa hawa, kowane mataki ya ɗauki gindin soja. A kula, fentin gwangwani na fesawa yana narkar da soson nan take, saboda haka sai an lulluɓe shi da farin gam ko fentin ruwa tukuna, kuma a yi feshin a wuri mai iska.