Wace Hausa za mu ba gwajin da ke gano asalin yis ɗin fata?

Jama'a, na nemi taimakonku kan sunan Hausa da za mu ba wannan gwaji, wasunku kuma sun kawo shawarwari. Ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje a nan Jos. Makon jiya wata baiwar Allah mai sayar da abinci a wajen Terminus ta zo, gefen faratanta duk ya kumbura saboda hannu kullum yana cikin ruwan wanke-wanke. Na kankari farcen, na ce, "Mama, za mu aika a yi gwajin DNA." Sai ta janye hannunta, ta ce, "Ɗan nan, 'ya'yana duk na ubansu ne." Abin ya tsaya mini a rai har yau. Ba laifinta ba ne, kunnen mutanenmu bai san DNA a ko'ina ba sai a rigimar uba da ɗa.

Ga abin da nake son in faɗa mata da Hausa. Kyasbi da amosanin ka, wani yis ne mai suna Malassezia ke da hannu a cikinsu, shi kuwa maiƙon fata yake ci, har ma yawancin irinsa ba sa tsirowa a farantin gwaji sai an zuba musu mai. Kumburin gefen farce irin nata, sau da yawa wani yis ne mai suna Candida ke kawo shi. Matsalar ita ce 'yan gidan Candida sun yi kama da juna ƙwarai a madubin likita, amma maganinsu ba ɗaya ba ne. Candida krusei ba ya jin maganin fluconazole tun asali. Candida auris, wanda aka fara ganowa a kunnen wata mara lafiya a Japan a 2009, tsofaffin gwaje-gwaje sun sha ɗaukarsa a matsayin wani ɗan'uwansa. Shi ya sa ake ciro wani ɗan guntu daga ƙwayar gadon yis ɗin, wato DNA ɗinsa, wanda ake kira ITS, a ninka shi da injin PCR, a karanta. Tun 2012 masana suka tsayar da wannan guntun a matsayin abin shaida ga dangin funfuna da yis.

Kalmar yis kam ba ni da ja a kanta. Mai gidan burodi ya san ta, masu zuwa coci sun san yisti. Wani ya ce mu kira shi funfunar fata, amma funfuna zare take yi, yis kuwa ƙwaya ɗaya ce mai toho. A bar funfuna ga makero, wanda ba yis ke kawo shi ba.

Malama da kika kawo "gwajin ƙwayoyin halitta", na gode, sai dai ya yi faɗi, har gwajin sikila zai shige ciki. "Lambar gado" kuma, da na gwada a bakin wani majinyaci, gadon kwanciya ya ɗauka.

Wanda ya kama ni shi ne na Baba wanzami da ɗansa ya rubuto mana a madadinsa: tsagar gado. Ya ce da can in baƙo ya sauka a kasuwa, ba sai ya buɗe baki ba, tsagar fuskarsa ta isa a ce wannan Bagobiri ne, wancan Babarbare. Ba duk jikin mutum ake dubawa ba, 'yan layuka ne a kunci. Wallahi haka ITS yake, ɗan guntu ne, amma ya isa ya faɗi gidan da yis ya fito. Kuma tsaga tana jan hankali zuwa ga gadon kaka da kakanni, babu mai tuna katifa.

Baba, Allah ya ƙara girma, na karɓa. Ranar Litinin Mama za ta dawo, zan ce mata: "Za mu duba tsagar gadon yis ɗin da ya kama farcenki, don mu san maganin da yake ji."