Musayar Waƙa Kan Preston Sturges, Marubucin Barkwanci na Hollywood

Malam:
Ina roƙon ku ba ni kunnuwanku, ya 'yan'uwa,
Zancen Preston Sturges nake son kawowa.
A Chicago aka haife shi a shekarar 1898,
Mahaifiyarsa ta yi ta yawo da shi a Turai yana tasowa.
A 1929 wasan kwaikwayonsa ya cika dandalin Broadway na New York da jama'a,
Sai Hollywood ta buɗe masa ƙofar shigowa.
Shi ke rubuta labari, wani dabam ke ba da umarni,
Yana kallon kalmominsa a hannun wasu suna lalacewa.
Sai ya sallama wa kamfanin finafinai na Paramount labari a kan dala 10,
Bisa sharaɗin shi da kansa zai ja ragamar shiryawa.
Da fim ɗin nan, The Great McGinty na 1940, ya ci lambar yabo ta Oscar ta rubutu,
To wannan ciniki hikima ce, ko kuwa asarar dukiya ce da ɓacewa?

Hajiya:
Allah ya gafarta Malam, hikima ce tsantsa,
Mai abin dariya shi ya san inda ya dace a yi dakatawa.
Finafinai 8 ya shirya wa kamfanin zuwa 1944,
Amma Sullivan's Travels ne ya fi shiga raina da daɗewa.
Labarin wani mai shirya fim ne da ya raina sana'ar ba da dariya,
Ya sa tsummoki don ya ɗanɗani talauci da yunwa.
Ƙaddara ta kai shi kurkuku da mari a ƙafa,
A majami'ar baƙaƙen fata ya ga fursunoni suna darawa.
Zanen barkwanci kawai aka haska musu a daren,
Shi ma dariya ta ƙwace masa bai iya riƙewa.

Ɗalibi:
Hajiya, ki yi mini afuwa, ina da ja a nan,
Taurin kan da ya ɗaga Sturges ne ya jawo faɗuwa.
Ya bar Paramount ya haɗa hannu da attajiri Howard Hughes,
Tafiyar ba ta yi nisa ba aka kai ga rabuwa.
Gidan abincinsa, The Players, ya cinye abin da ya tara,
Bashin haraji ya biyo baya yana ƙaruwa.
A Faransa ya shirya fim ɗinsa na ƙarshe,
A otal ɗin Algonquin na New York, 1959, ajali ya yi cimmawa.

Hajiya:
Ƙanena, ban musa ko ɗaya daga abin da ka jera ba,
Amma ka tsallake dalilin da ya sa shi ficewa.
Shugabannin kamfani sun sa almakashi a fim ɗinsa The Great Moment,
Suka sauya masa fasali ba tare da yardarsa ko amincewa.
Kuma bayan nasararsa marubuci John Huston ya samu damar shirya fim a 1941,
Billy Wilder ya biyo a 1942, marubuta suna ta hawowa.

Malam:
Ɗana, ɗauki alƙalami ka amsa wa Hajiya wannan,
Shin da ya haƙura ya zauna, rubutunsa zai tsira daga yankewa?