Sun rubuta "biweekly" a takardar aiki, in sa hannu ko in tambaya?

Ɗalibi: Salamu alaikum 'yan uwa. Na samu aikin fassara ta intanet, takardar ta ce zan riƙa miƙa aiki "biweekly". Sau biyu a mako ke nan, ko sau ɗaya duk mako biyu? In na farkon ne ba zai haɗu da karatuna ba. Ina jin nauyin tambayarsu, kada su ce mai fassara bai iya Turanci ba. Jibi wa'adin ke cika.

Uwar Biyu: Ƙanena, ka shiga kwas ɗin Turanci. Nawa ya cinye kusan rabin albashina, amma na ga amfaninsa.

Direba: Rabin albashi, Hajiya? An cuce ki. BBC Learning English kyauta ne.

Tsohon Ma'aikaci: Kada ka sa hannu kan kalmar da ba ka gane ba. Kwantiragina ya ƙare, na rubuta wa kamfanin cewa ina so in yi "resign", a nufina "re-sign", wato in sake sa hannu. Ɗan layin nan na tsakiya kawai na bari, ashe ajiye aiki na rubuta. Suka amso da godiya da fatan alheri. Na kira, na yi bayani, aka ce an riga an ba wani. Wata bakwai ina zaune, ga iyali.

Uwar Biyu: Innalillahi. Allah ya musanya maka da mafi alheri, Baba.

Malamin Turanci: Ƙamus ɗin Merriam-Webster ya kawo ma'anonin biyu duka. Su kuwa mutanen Ingila sun fi cewa "fortnightly", kwana 14 cif. Tambaya ba kasawa ba ce, su ma junansu suke tambaya.

Mazaunin Amurka: Malam, wannan na littafi ne. A nan in aka ce albashi "biweekly", duk mako biyu ne.

Malamin Turanci: Albashi ka ce. Shi miƙa aiki ya tambaya, kuma bai ce kamfanin na Amurka ba ne.

Direba: Ya miƙa sau biyu a mako, su biya shi sau biyu a mako, kowa ya huta 😂

Uwar Biyu: Ni abin da ke ƙona min rai masu dariya ne. Na taɓa cewa "borrow me" a ofis, aka yi ta ƙyaƙyatawa, babu wanda ya ce min "lend me" ake cewa. Mu fa "ara" ɗaya muke da ita, mai bayarwa da mai karɓa.

Tsohon Ma'aikaci: Haka suke, 'yata. Wanda ya karanta wasiƙata ma ya san me nake nufi, ya yi shiru.

Ɗalibi: To in tura musu saƙon ne?