Dan Allah wa ya san yadda ake kama haya a Dubai ba iƙama?

Salam ƴan uwa, daga Gusau nake. Ƙanena na Deira, wata unguwa a Dubai, yana mana sarin waya, bizar ziyara ce da shi, kuɗin otal kuwa sun gama cinye ribar wallahi. Duk dillalin da ya tuntuɓa sai ya ce a kawo Emirates ID (katin shaidar mazauna ƙasar) don rajistar Ejari (wato yi wa yarjejeniyar haya rajista a wajen gwamnatin Dubai), in ba Ejari kuma DEWA, hukumar wuta da ruwa ta Dubai, ba sa haɗa wuta da ruwa, ga mai gida na son cek na shekara, banki kuma ba sa ba da cek sai mai iƙama. Wani ya ce a kama da sunansa mu riƙa biyansa, ni dai hankalina bai kwanta ba. Akwai gidan wata-wata mai lasisi da ke karɓar fasfo kawai?