Muhawara: Asusun shago na mai shago ne, ko na wanda layin ke da sunansa?

Mai gyaran salula, Kasuwar Dole:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ga maganar da nake tsaye a kanta, wanda bai yarda ba ya kawo hujja: a intanet babu mai asusu sai wanda layin waya ke hannunsa. Ku ɗauki abin da ya zama ruwan dare a Damagaram. Baduku ya ce wa yaron shagonsa ya buɗe masa WhatsApp Business da Facebook saboda masu sayen jaka da takalmi daga Yamai da Agadas da Kano. Yaro ya buɗe da layinsa, wanda aka yi wa rajista da katin ɗan ƙasarsa. Bayan shekara uku suka raba gari, yaro ya tafi da layi. Maigida ya sayi sabuwar waya, ya rubuta lambar shago, sai lambobi shida na tabbatarwa suka faɗa wayar da ke aljihun yaro. Magana ta ƙare. Na'ura ba ta tambayar wa ya sayi fata, wa ya biya kuɗin mega. Haka ma asusun da aka yasar: idan kamfanin waya ya karɓe layin ya sayar wa wani, sabon mai layin ya gaje shi.

Malama mai koyar da kwamfuta, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Yaya, ka haɗa mabuɗi da ɗaki ka kira su abu ɗaya. Abubuwa uku ne a nan, kowane da mai shi. Lambar waya ba ta yaron ba ce ma: hukumar ARCEP mai kula da sadarwa a Nijar ce ke raba jerin lambobi ga Airtel da Moov da Zamani da Niger Telecoms, su kuma su ba ka ka yi amfani bisa sharaɗi, shi ya sa suke iya karɓewa idan layi ya daɗe a kwance. Asusun kansa hidimar kamfani ce, kuma sharuɗɗan Facebook sun hana sayar da shi ko miƙa shi ga wani ba da izininsu ba. Na uku shi ne abin da ke ciki: sunan shago, hotunan kaya, sunayen abokan ciniki. Sharuɗɗan nan dai sun ce abin da ka ɗora yana nan naka, izinin nunawa kawai ka ba su. To ta yaya saƙon SMS guda zai mayar da guminsa na shekara uku ya zama na wani?

Mai gyaran salula:
Malama, ki je ki faɗa wa fom ɗin Facebook haka. Akwatin da zai ba ki biyu ne: lambar waya ko imel. Babu akwatin gumi.

Injiniyan sadarwa, Garin Malam:
Kun yi gaskiya rabi-rabi, amma ina da gyara ga mai gyara, kuma gyaran yana iya ceto shago. Ba layi ne kaɗai mabuɗi ba, wayar da WhatsApp ke buɗe a cikinta ita ma mabuɗi ce. Idan wayar shago tana hannun maigida kuma WhatsApp bai fita ba, ya shiga saituna, ya shiga asusu, ya zaɓi canza lamba. Zai rubuta tsohuwar lamba a sama, sabuwa a ƙasa. Lambobin tabbatarwa sabon layi suke zuwa, ba tsohon ba. Bayanan shago da ƙungiyoyin da yake ciki duk za su biyo shi, kuma akwai zaɓin a sanar da abokan hulɗa cewa lamba ta canza. Ba a buƙatar tsohon sim ɗin ko na minti ɗaya.

Inda ake faɗuwa wuri biyu ne. Na farko jinkiri: idan yaron ya riga ya sa lambar a tasa wayar, nan take wayar shago za ta fita, don lamba ɗaya babbar waya ɗaya take da ita. Na biyu, a kai wayar gyara a wanke ta tas saboda tana nauyi ko an manta zanen buɗe ta. Wanke waya a irin wannan hali daidai yake da jefa mabuɗi a rijiya. Ya kamata duk mai gyara ya tambaya kafin ya taɓa: layin da aka buɗe asusun nan da shi yana ina, sunan wa yake?

Batun sabon mai layi ya gaji asusu kuwa, a WhatsApp ba haka ba ne. Saƙonni suna cikin tsohuwar waya ko a ajiyar Google Drive ta tsohon mai shi, ba sa bin lamba. Kuma idan asusu ya yi kwana 45 ba motsi sannan aka kunna lambar a wata waya, WhatsApp yana ɗaukar cewa layin ya canza hannu, sai ya goge tsofaffin bayanai kamar hoton mutum. Haɗarin gaske yana Facebook da Gmail, inda tsohuwar lamba ke zaune shekara da shekaru a matsayin hanyar dawo da kalmar sirri, mai ita ya manta ya cire ta.

Mai gyaran salula:
Na karɓi gyaran canza lamba, Injiniya. Amma ka faɗa musu gaskiyar lambar sirri ta mataki biyu, wato ƙarin lambar da WhatsApp ke tambaya bayan ta SMS, wadda mutane ke ɗauka kwaɗo ne da ba ya buɗuwa. Lambobi shida ne, kuma wanda ke riƙe da layi, idan bai san su ba, jiran kwana 7 ne a kansa. Tsaiko ne, ba katanga ba. Ƙarshenta dai layi ke cin nasara.

Malamin fiƙihu, Birni:
Allah ya yi muku albarka. Ɗana mai gyara, abin da ka bayyana rinjaye ne, ba mallaka ba. Yaron da maigida ya ce masa buɗe mana, wakili ne, kuma abin da ke hannun wakili amana ce. Ranar da wakilci ya ƙare sai ya mayar. Layinsa nasa ne ya riƙe, amma ya zauna a yi canjin lamba a gabansa kafin ya tafi. Na kuma ji ana kwatanta asusun da aka yasar da mataciyar ƙasa wadda wanda ya raya ta ya mallaka. Ƙiyasin bai hau ba, domin wannan hukunci na ƙasar da ba ta da mai ita ne. Asusun da sunan mutum da hotonsa ke kai ya fi kusa da tsintuwa, ita kuwa cigiya ake yi mata shekara guda. Wanda ya sayi sabon layi ya tarar yana buɗe masa Facebook ɗin wani, an san mai shi tun kafin a yi cigiya. Shiga ciki ya karanta saƙonnin mutane leƙen asiri ne.

Malama mai koyar da kwamfuta:
Allah ya gafarta Malam, ko a dokar ƙasa haka ne. Nijar tana da dokar yaƙi da laifukan intanet tun 2019, kuma shiga tsarin na'urar wani ba da izini ba yana cikin laifukan da ta lissafa. Wannan ya shafi maigidan ma: kada takaici ya kai shi ya biya masu cewa za su fasa masa asusu. Google ya faɗa ƙarara cewa ba ya aiki da kowane mai ikirarin dawo wa mutane da kalmar sirri. Yawanci kuɗin ne zai tafi, tare da hoton katin ɗan ƙasar da aka tura musu.

Magatakardan wata ƙungiyar masu sana'a, Zango:
To ni tambayata a kan wanda babu rigima a kansa ce. Mai asusu ya rasu, ko ya yi nisa babu labari, babu wanda ya taɓa shi. Yana nan har abada yana jiran magada?

Injiniyan sadarwa:
Ba ya jira, Alhaji, kowane da agogonsa. WhatsApp yakan goge asusun da ya yi kwana 120 bai haɗu da intanet ba. Google ya sanar a watan Mayun 2023 cewa asusun mutum da ya shekara biyu ba a shiga ba yana iya gogewa, kuma ya fara daga Disambar wannan shekarar: wasiƙu, hotuna, takardun Drive, duk su tafi. Yana aika gargaɗi kafin nan, amma zuwa akwatin da ba a buɗewa da imel ɗin ko-ta-kwana, wanda sau da yawa shi ma ya mutu. Adireshin Gmail da aka goge ba a sake ba wa kowa, har mai shi. Wannan ya fi abin da Yahoo ya yi a 2013 aminci, lokacin da ya sake raba tsofaffin sunaye ga sababbin mutane, amma yana nufin duk asusun da ka rataya a wuyan adireshin nan ya rasa hanyar dawowa.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne sunan adireshin intanet na ƙungiya, irin mai ƙarewa da .com ko .org. Haya ce ta shekara-shekara, ba saye ba, kuma iyakar abin da ake iya biya a gaba shekara 10. Idan wa'adi ya cika ba a biya ba, dillalin rajista, wato kamfanin da kuka yi hayar sunan a wurinsa, yana iya riƙe shi har kwana 45, sannan a shiga kwana 30 na fansa, inda ake dawo da shi amma da kuɗi mai tsada, sannan kwana 5 na jiran gogewa da babu abin da za a iya yi. Daga nan ya koma kasuwa, wanda ya riga ya ɗauka. Sabon mai shi yana iya karɓar duk wasiƙar da aka aiko wa tsofaffin adireshin ƙungiyar, har da ta sauya kalmar sirri. A nan ɗin maganar mai gyara ta yi daidai ɗari bisa ɗari: sunan da ke kan rajista shi ne mai abu. Idan wanda ya haɗa muku aikin ya rubuta sunansa da imel ɗinsa, ku ƴan haya ne a gidansa.

Malama mai koyar da kwamfuta:
Ga magada akwai ƙofa, sai dai mai asusu ne ke buɗe ta tun yana raye. Google yana da tsarin kula da asusun da ya kwanta tun 2013: ka zaɓi wata 3, 6, 12 ko 18 na rashin motsi, ka sa mutum har goma, ka ware abin da kowanne zai samu. Ɗanka ya samu takardun shago da hotuna, wasiƙunka na sirri su tsaya a rufe. Facebook ya kawo magajin asusu a 2015, amma ikonsa kaɗan ne: yana iya sanar da rasuwa da canza hoto, ba ya shiga asusun, ba ya karanta saƙonni. Idan ba a yi ko ɗaya ba, iyali za su iya kai takardar shaidar rasuwa a rufe asusun, amma kalmar sirri ba a ba su.

Shi ya sa, Alhaji, dandalin ƙungiya a Facebook kada ya rataya a kan mutum guda. A ba mutum biyu ko uku cikakken iko daga asusunsu na kansu, yara masu ɗora hotuna kuma a ba su ikon aiki kawai. Mai cikakken iko yana iya cire kowa, har wanda ya kafa dandalin, don haka a san wa ake ba.

Mai gyaran salula:
Kun gani? Duk maganin da kuka kawo na kafin rigima ne. Ba a fafe gora ranar tafiya, na yarda. Amma ranar da gora bai fafu ba, wa ke shan ruwa? Mai layi.

Malama mai koyar da kwamfuta:
Yana sha, amma ba da sunan shago ba, idan maigida ya yi wa sunan rajista. Nijar tana cikin ƙasashe 17 na OAPI, hukumar rajistar alamun kasuwanci mai hedikwata a Yawunde, rajistar alamar kasuwanci kuma shekara 10 take yi, ana sabuntawa. Da lambar rajistar nan ana iya kai ƙara wurin Meta, kamfanin da ke da Facebook da WhatsApp, cewa wani yana ciniki da sunanka. Ba za su miƙo maka asusun ba, kada a yi wannan zaton. Abin da ake nema shi ne a sauke abin da ke amfani da alamarka. Ƙaramin shago da rajistar ta yi wa nauyi ya rubuta takarda da yaronsa ranar buɗe asusu, shaidu biyu su sa hannu. Facebook ba zai karanta ta ba, amma mai unguwa da alƙali za su karanta.

Magatakardan ƙungiya:
To layin ƙungiya da sunan wa za a yi masa rajista? Shugaba yana sauka, ma'aji yana tafiya.

Injiniyan sadarwa:
Idan ƙungiya tana da takardun amincewar hukuma, ku tafi da su ajans, wato ofishin kamfanin waya, ku nemi layi da sunanta. Idan babu, a sa sunan wanda ya fi zama a gari, a rubuta a littafin taro cewa amana ce, ranar miƙa mulki kuma a je ajans tare a sauya suna. Sim ɗin ya zauna a cikin waya mai caji, a riƙa sa masa kuɗi ana kira da shi kowane wata, ba a ajiye shi a ambulan cikin durowa ba. Layin da ke kwance shi kamfani ke karɓewa. A Gmail ɗin ƙungiya ku kunna mataki biyu, ku fitar da lambobin ko-ta-kwana guda goma, kowace mai lamba takwas, kowace sau ɗaya take aiki. Ku rubuta su a takarda, biyar wurin shugaba, biyar wurin ma'aji. Ku kula, duk ranar da aka fitar da sababbi tsofaffin sun mutu, sai a sake rabawa.

Idan an riga an rasa kalmar sirri, a gwada dawowa daga wayar da aka saba shiga da ita, a wurin da aka saba, a rubuta kalmar sirri ta ƙarshe da aka tuna ko da tsohuwa ce. Gwadawa daga baƙuwar kwamfuta a wani gari yana sa Google ya ɗauke ku ɓarayi.

Mai gyaran salula:
Ƙari ɗaya ga masu shago. WhatsApp yana barin a haɗa wasu na'urori huɗu da babbar waya. To babbar waya da layi su zauna wurin maigida, yaro a haɗa masa tasa a matsayin na'urar rakiya, ranar rabuwa a cire ta daga jerin da dannawa ɗaya. Sai dai maigida ya riƙa buɗe babbar wayar, domin idan ta yi kwana 14 ba a yi amfani da ita ba, na'urorin rakiyar duk fita suke yi.