Kyamarata mai dogon zum tana kama ƙaya ta bar tsuntsu: ina neman shawara

Mai tambaya, daga Gashuwa:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni malamin makaranta ne, kuma kusan shekara guda ke nan da na sayi kyamara ta hannu, irin wadda ba a cire gilashinta amma zum ɗinta yana janyo abin da ke nesa ƙwarai, domin in riƙa ɗaukar tsuntsayen fadamar Dagona da na bayan gidanmu. Idan zalɓe ne ko balbela a bakin ruwa, hoton yakan fito garau. Ƙananan tsuntsaye ne suka gagare ni. Ranar Asabar wani kanari ya sauka a kan bagaruwa, tsakaninmu bai fi taku 12 ba, na yi ta ɗaukarsa har ya tashi, amma da na duba sai na tarar ƙayoyin da ke bayansa ne suka fito tar, shi kuwa ya zama ɗan dunƙulen rawaya dishi-dishi. Ga mazari da malam-buɗe-littafi abin ya fi muni, domin da na matsa kusa na ja zum, sai gilashin ya yi ta kai da komo, akwatin fokas, wato ɗan akwatin da ke allon kyamara mai nuna cewa ta kama abin da ake son ya fito garau, ya ƙi zama kore. Shin lalacewa ta yi in kai ta Kano gyara, ko ni ne ban iya ba?

Wani dattijon mai hoto, daga Kano:

Wa alaikumus salam Malam. Kada ka ɓata kuɗin motarka, domin kyamarar da ta fitar da zalɓe garau lafiyarta ƙalau. Yawancin irin waɗannan kyamarori suna neman fokas ne ta hanyar auna bambancin haske da duhu a cikin akwatin da ka gani. Sukan tura gilashi gaba, su dawo da shi baya, su tsaya a inda bambancin ya fi ƙarfi, kuma ba su san ko abin yana gaba ko yana baya ba sai sun gwada, shi ya sa kake ganin wannan kai da komon. To ka duba abin da ka ba ta ta zaɓa: ga tsuntsu mai laushin gashi da bai cika rabin akwatin ba, ga ƙayar bagaruwa fara fat a kan inuwa. Ita a lissafinta ƙayar ce ta fi cancanta.

Abu na biyu shi ne haske. Ka ɗauki Nikon P900 da ta fito a 2015 a matsayin misali: zum ɗinta ninki 83 ne, ƙofar haskenta tana farawa daga f/2.8, amma a ƙarshen zum takan tsuke zuwa f/6.5, wato hasken da ke shiga bai kai kashi 1 cikin 5 na farkon ba. Sensar da ke karɓar wannan hasken kuma faɗinta kimanin milimita 6 ne kacal. A ƙarshen zum ɗin, idan tsuntsu yana nisan mita 10, zurfin wurin da zai fito garau bai wuce kimanin santimita 5 ba, saboda haka kuskuren tsawon ɗan yatsa ya isa ya ɓata hoton.

Wani mai kallon tsuntsaye, daga Jos:

Baba ya gama bayanin dalili, ni kuma zan faɗi abin da nake yi a daji. Da farko, Malam, ka shiga saitin fokas ka hana kyamarar zaɓar wuri da kanta, ka kashe neman fuska, ka bar akwati ɗaya tak a tsakiya, mafi ƙanƙanta da take da shi. Wannan kaɗai zai rage maka rabin wahalar. Sannan kada ka ɗora akwatin a kan cikin tsuntsu inda launi ɗaya ne. Ka nemi ido, ko inda baƙin fiffike ya haɗu da rawaya, ko ƙafafunsa a kan reshen da ya taka. Ka danna maɓallin rabi, ka riƙe, ka gyara tsayuwar hoton, sannan ka ƙarasa dannawa.

Idan gilashin ya riga ya tafi can baya ya maƙale a kan ganye, kada ka yi ta dannawa a wurin, domin zai ci gaba da komawa inda yake. Ka karkata zuwa gindin itacen, ko ƙasa a daidai nisan tsuntsun, ka kama fokas a can, sannan ka ɗago. Haka kuma ina rage zum kaɗan daga ƙarshe, in yanke hoton daga baya a kwamfuta. Ku da ke Yobe kuna da ƙarin matsala a hunturu, saboda hazo yana dusashe wannan bambancin da kyamarar take nema, da tsakar rana kuma zafin da ke tashi daga ƙasa yana sa abin da ke nesa ya yi ta rawa. Daga fitowar rana zuwa hantsi, rana tana bayanka, shi ne lokacinka.

Wata ɗalibar aikin gona, daga Samaru:

Malam, batun mazari dabam ne da na kanari, kuma na sha wannan wahalar lokacin da nake ɗaukar ƙwarin wake. Kowane gilashi yana da iyakar kusancin da zai iya kamawa, kuma iyakar tana ƙara nisa yayin da ake jan zum. P900 tana iya kama abu daga santimita 1 idan an kunna alamar fure, wato saitin ɗaukar abin da ke kusa, kuma ba a ja zum ba, amma a ƙarshen zum sai daga kimanin mita 5, Nikon P1000 kuwa kimanin mita 7. Idan kana mita 2 daga mazari ka ja zum har ƙarshe, ko kwana za ka yi akwatin ba zai zama kore ba. Ko dai ka ja da baya, ko ka kunna alamar fure ka rage zum har ta kama. Ga ƙwari ƙanana sosai akwai ɗan gilashin da ake maƙalawa a gaba, irin Raynox DCR-150, wanda yake kawo fokas zuwa kimanin santimita 20. Da shi nakan mayar da kyamarar kan MF, wato saita fokas da hannu, in riƙa matsawa da jikina gaba da baya a hankali har idon ƙwaron ya fito, in ɗauka a jere.

Wani matashi, daga Kaduna:

Da izinin manya, ni a ganina duk wannan dabarun lallaɓawa ne. Kyamarar Sony RX10 IV ta 2017 tana da wata hanyar neman fokas dabam, wadda take kwatanta hasken gefe biyu na gilashi ta san nisa da ɓangare nan take, da wuraren aunawa 315, har tsuntsu mai tashi tana bi. Malam ya sayar da tasa ya ƙara kuɗi.

Dattijon, daga Kano:

Yaro, gaskiya ka faɗa game da saurinta, amma zum ɗinta a milimita 600 ya tsaya, alhali P900 da P1000 suna kai 2000 har 3000, kuma ta fi su tsada. Ko ita, idan ƙaya ta shiga tsakaninta da tsuntsu, akwati ƙarami za a koma. Mutumin da yake ɗaukar tsuntsun da ke zaune a reshe bai kamata ya fara da kasuwa ba.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yau da safe na mayar da akwatin ƙarami, na kama fokas a gindin bagaruwar kafin in ɗago, kuma a karon farko na ga ɗigon haske a idon kanarin, ko da yake har yanzu wasu hotunan ƙaya suke kamawa. Mazarin ma ya fito da na ja baya zuwa taku 7. 'Yar'uwa ta Samaru, wannan ɗan gilashin yana hawa bakin kowace kyamara, ko sai na auna faɗin bakin tawa tukuna?

Ɗalibar, daga Samaru:

Sai ka auna, Malam. Maƙalin da yake zuwa da shi yana kama baki daga milimita 52 zuwa 67, kuma galibi za ka ga lambar a rubuce a gaban gilashin ko a cikin murfinsa.