Neman kalmar Hausa: me za mu kira "geopolitics"?

Mai fassarar labarai, Gombe:
Assalamu alaikum, malamai. Wannan kalma ta Turanci ta yawaita a labaran ƙetare tun daga shekarar 2018, lokacin da Amurka ta fara ƙara wa kayan Sin kuɗin fito, ita ma Sin ta rama. Yawancinmu masu fassara mukan ce "siyasar duniya", wasu kuma su ce "siyasar ƙasa da ƙasa", amma duka biyun sun yi faɗi da yawa, domin ko ziyarar da wani shugaba ya kai wa takwaransa tana shiga cikinsu. Idan aka gaya wa ɗan kasuwa a Tudun Hatsi cewa takin zamani ya yi tsada a daminar 2022 saboda siyasar duniya, ba a gaya masa komai ba. Abin da ya faru shi ne yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukren, ƙasashe biyu masu fitar da alkama ta tekun Bahar Aswad, ita Rasha kuma tana cikin manyan masu sayar wa duniya taki. Ina neman gajeriyar kalma wadda za ta zauna a bakin mai karanta labarai, mai sauraro kuma ya fahimce ta ba tare da dogon bayani ba.

Malamin labarin ƙasa, Bauchi:
Wa alaikumus salam. Wani malamin siyasa ɗan ƙasar Suwidin, Rudolf Kjellén, shi ya ƙirƙiro kalmar a 1899, kuma abin da yake nufi shi ne yadda wurin da Allah Ya ajiye ƙasa, da abin da Ya binne a ƙarƙashinta, da kogi ko tekun da ke maƙwabtaka da ita, suke ba ta ƙarfi ko su ɗaure mata hannu a hulɗarta da sauran ƙasashe. Ba sai mun je nesa neman misali ba. Nijar ba ta da gaɓar teku, don haka da aka ƙaƙaba mata takunkumi bayan juyin mulkin watan Yulin 2023, kayanta suka maƙale a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, Najeriya kuma ta katse mata wutar lantarki. Haka nan idan Kamaru ta saki ruwan madatsar Lagdo, mutanen da ke bakin Binuwai a Adamawa da Taraba su ne ke kwana ido biyu, saboda kawai su ne a ƙasan kogin.

Na auna kalmomi da dama. "Siyasar labarin ƙasa" fassara ce kalma da kalma, kuma labarin ƙasa sunan darasi ne a makaranta. "Siyasar yanki" ta riga ta sami ma'ana a Najeriya, duk wanda ya ji ta Arewa da Kudu zai tuna. "Siyasar muhalli" kuwa za ta kai hankalin mutum ga dashen itatuwa da kwararowar hamada. Shawarata ita ce "siyasar bigire", domin bigire shi ne takamaiman wurin da abu yake zaune, wanda ba a ɗaukarsa a kai shi wani wuri.

Tsohon jami'in kwastan, Gombe:
Malam, Allah Ya ƙara basira, amma ni da "siyasar mashigi" na so a ce. Harshenmu ya riga ya yi mana rabin aikin, tun da harajin da ake karɓa a kan kayan da suka ƙetaro iyaka kuɗin fito muke ce masa, wato sunan abin da ake biyan mai kwalekwale. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin Gongola da damina ya ga yadda abin yake: buhuna jibge a kan yashi, fatake zaune a kansu suna kallon ruwa, mai fito kuma yana ɗaure da jirginsa, ba ya gaggawa, domin ya san ba wata hanya sai tasa. Haka manyan tekuna suke. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na man da duniya ke sha ta mashigin Hormuz yake bi. A watan Maris na 2021 jirgin dakon kaya guda ɗaya, Ever Given, ya gitta a mashigin Suwez, ya tsayar da ɗaruruwan jirage har kwana shida. Tun daga ƙarshen 2023 kuma, da mayaƙan Huthi suka fara kai hari a kusa da mashigin Babul Mandab da ke bakin Bahar Maliya, kamfanoni da yawa suka koma zagayawa ta ƙarshen kudancin Afirka, tafiyar ta ƙaru da kwana goma ko fiye, kuɗin dako ya hau.

Malamin labarin ƙasa, Bauchi:
Yallaɓai, kalmarka ta fi tawa daɗin ji, kuma a labarin Hormuz ko Suwez ita ce daidai. Sai dai ba ta ɗauki ma'adinai ba. Kusan kashi 70 cikin 100 na sinadarin kobal da ake haƙowa a duniya, wanda ake sa wa a batirin waya da na mota, daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa. Yuraniyom na Arlit shi ya daɗe yana ɗaure Faransa da Nijar. Waɗannan ba mashigai ba ne, amma duk bigire ne. Kowane mashigi bigire ne, ba kowane bigire ba ne mashigi.

Malamar kimiyyar fiziks, Kashere:
Malamai, ina neman afuwa, amma ina ganin kun tsaya a ma'anar kalmar ta asali, alhali masu ita sun daɗe da faɗaɗa ta. A fagenmu na bincike kullum ana amfani da ita, kuma sau da yawa babu kogi, babu teku, babu ma'adini a cikin zancen. Cibiyar binciken fiziks ta CERN da ke kusa da Janiba, wadda aka kafa a 1954 don masanan Turai su yi aiki tare bayan yaƙin duniya na biyu, ta kawo ƙarshen yarjejeniyarta da Rasha a ƙarshen watan Nuwamban 2024, ɗaruruwan masana da ke aiki a ƙarƙashin cibiyoyin Rasha suka rasa damar shiga. Yarjejeniyar kimiyya da fasaha tsakanin Amurka da Sin da shugabanninsu Jimmy Carter da Deng Xiaoping suka sa wa hannu a 1979, wadda a da ake sabunta ta kusan duk shekara biyar ba tare da wani surutu ba, sai da aka yi ta jan ƙafa kafin a sabunta ta a watan Disamban 2024, kuma an taƙaita ta ga binciken asali, wato na neman sani zalla. Tun 2011 wata doka ta majalisar Amurka ta hana hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasar, NASA, yin aiki kai tsaye da Sin sai da izini na musamman, ga shi kuwa 'yan sama jannatin Amurka da na Rasha sun ci gaba da zama tare a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa duk da yaƙin Yukren. Wane bigire ne a nan? Wannan tsoro ne kawai na kada abokin hamayya ya riga ka mallakar wani ilimi, kuma sunansa a Hausa "gogayyar manyan ƙasashe". Abin ya shafe mu, domin malamin jami'a a Gombe ko Bauchi da ke da abokan bincike a ɓangarorin biyu yana iya iske cewa mai ba shi tallafin kuɗi yana tambayar da wa yake raba sakamakon bincikensa.

Malamin labarin ƙasa, Bauchi:
Malama, na yarda da ke a kan CERN da NASA, "siyasar bigire" ba ta dace da su ba. Amma kada mu sallama kimiyya gaba ɗaya. Ƙwayoyin laturoni mafi inganci, waɗanda su ne ƙwaƙwalwar waya da kwamfuta, kamfanin TSMC ne ke ƙera mafi yawansu a Taiwan, tsibirin da bai kai kilomita 200 daga gaɓar Sin ba, kuma Sin tana cewa nata ne. Da masana'antun nan a wata nahiya suke, da rikicin bai yi wannan zafi ba. Ko haɗin kai ma bigire kan jawo shi: babbar na'urar sauraron sararin samaniya ta SKA, wadda ƙasashe da dama suka haɗa kuɗi suke ginawa, an kai ta yankin Karoo na Afirka ta Kudu da yammacin Ostireliya ne saboda wuraren ba su da yawan jama'a, siginar waya da ta rediyo ba za ta dame ta ba.

Mai fassarar labarai, Gombe:
Na gode, malamai. Abin da zan bi a ɗakin labarai shi ne in duba jimlar kafin in zaɓi kalma. Inda zancen ya rataya a kan wuri, zan ce misali: "Masana siyasar bigire sun ce madatsar ruwan da Habasha ta fara ginawa a kan kogin Nilu a 2011 ta sauya lissafin Masar." Inda kuma takara ce zalla, zan ce: "Gogayyar manyan ƙasashe ta sa Amurka ta taƙaita sayar wa Sin ƙwayoyin laturoni a watan Oktoban 2022, Sin kuma ta taƙaita fitar da galiyom da jamaniyom, ma'adinan da ake amfani da su wajen ƙera kayan laturoni, a 2023." Tun da matasa da yawa ba su saba jin "bigire" ba, a karon farko a kowane labari zan biyo ta da "wato tasirin wurin da ƙasa take a kan hulɗarta da wasu".

Malamar kimiyyar fiziks, Kashere:
Jimlarka ta biyu ta yi, Malam, kuma ka bar ta a kan gogayya har ƙarshenta, kada ganin sunan ma'adini ya ja ka zuwa ga bigire. Galiyom ba a haƙo shi da kansa, ana samun sa ne yayin tace ƙasar da ake yin alminiyom da ita, kuma wannan ƙasa tana da yawa a Gini da Ostireliya, Sin ma daga can take sayo kaso mai yawa na wadda take tacewa. Abin da ta fi sauran ƙasashe da shi matatu ne, su kuwa matatu ginawa ake yi.